Hukuncin gaggauta mutuwar majinyaci don tausayi, da bambancinsa da dakatar da magani

Tambaya:

Malam, ciwon ƙoda ya yi yawa a yankinmu na Haɗeja, gidaje da dama suna da majinyacin da ake kaiwa wankin ƙoda. Wani ɗan'uwanmu mai bibiyar labaran ƙasashen waje ya kawo mana maganar wani ɗan gwagwarmayar siyasa na Amurka mai ra'ayin riƙau, sunansa Randall Terry, wanda ya ce cire wa majinyaci abin da yake riƙe da ransa kisan kai ne. Ɗan'uwan ya ce ke nan duk gidan da suka daina kai majinyacinsu wankin ƙoda, ko suka yarda a cire masa na'urar numfashi, sun ɗauki alhakin rai. Shin haka hukuncin yake a shari'a? Kuma ya halatta mu kafa hujja da maganar mutumin nan?

Taƙaitacciyar amsa:

Yi wa majinyaci abin da zai kashe shi don a raba shi da wahala haramun ne, ko da shi ya nema. Hana shi abinci da ruwa har ya mutu shi ma haramun ne. Amma dakatar da maganin da ƙwararrun likitoci suka tabbatar ba ya amfani ba kisa ba ne, kuma gidan da suka kasa biyan kuɗin magani bayan sun yi iya ƙoƙarinsu babu laifi a kansu.

Amsa:

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Na farko: asalin maganar da aka kawo muku

Ka sani, ya kai mai tambaya, Allah Ya datar da mu da kai, an yi wannan magana ne a kan wata mata guda a jihar Fulorida ta Amurka, mai suna Terri Schiavo. A shekarar 1990 zuciyarta ta tsaya na ɗan lokaci, ƙwaƙwalwarta ta lalace, ta shekara goma sha biyar a kwance ba ta cikin hayyacinta. Tana numfashi da kanta, sai dai abinci da ruwa ta bututu ake zura mata su zuwa ciki. Mijinta ya nemi kotu ta yarda a cire bututun, iyayenta suka ƙi. Randall Terry, wanda ya yi suna wajen yaƙi da zubar da ciki, ya tsaya wa iyayen yana magana da yawunsu, yana cewa cire bututun kisa ne da yunwa da ƙishirwa, yana matsa wa gwamnan jihar na lokacin, Jeb Bush, ya shiga tsakani. A 2003 majalisar jihar ta yi doka aka mayar da bututun, daga baya kotu ta soke dokar. An cire shi a ranar 18 ga Maris 2005, matar ta rasu a ranar 31 ga watan.

Hujjojin masu wannan ra'ayi uku ne. Suna cewa rai yana da alfarmar da ciwo ba ya rage ta. Suna cewa ƙofar kisa idan aka buɗe ta kaɗan faɗaɗa take yi, suna misali da ƙasar Beljiyam wadda ta halatta wa likita ya kashe majinyacin da ya nema a 2002, sannan a 2014 ta cire sharaɗin shekaru har dokar ta haɗa da yara, da kuma Kanada wadda ta halatta a 2016 ga wanda mutuwarsa ta kusa, sannan a 2021 ta cire wannan sharaɗi. Suna kuma cewa tsoho da naƙasasshe da talaka su ne za su fara jin cewa sun zama kaya a wuyan dangi, har su nemi mutuwar da ba ita ce muradinsu ba.

Na biyu: matsayin maganarsa a wurinmu

Gaskiya ana karɓarta daga bakin duk wanda ya faɗe ta. Mutumin nan an san shi da sukar Musulunci a fili, amma Allah Maɗaukakin Sarki Ya hana mu, a Suratul Ma'ida aya ta 8, mu bar ƙiyayyar wasu mutane ta sa mu kauce wa adalci. A kan hana majinyaci abinci da ruwa ya dace da gaskiya. Tsoron faɗaɗar ƙofa da suke yi shi ma sananne ne a wurinmu, shi ne abin da malaman Malikiyya suke kira saddudh dhari'a, wato toshe hanyar da take kaiwa ga ɓarna.

Sai dai dacewa da gaskiya a mas'ala guda ba ta mayar da mutum hujja. Hukuncin halal da haram daga Alƙur'ani da Sunna da fahimtar malamai ake ɗaukarsa. Kuma ɗan'uwanku ya ɗauko magana daga inda aka yi ta ya ɗora ta a inda ba a yi ta ba, domin rigimar can a kan abinci da ruwa aka yi ta, shi kuwa ya haɗa da kowane irin magani da kowace na'ura. Shari'a ta raba waɗannan al'amura, kowanne da hukuncinsa.

Na uku: kashe majinyaci da gangan

Wannan shi ne abin da Larabawa na zamani suke kira ƙatlur rahma, wato kisan jin ƙai. Surarsa ita ce likita ko wani na gida ya yi wa majinyaci allura, ko ya ba shi wani abin sha, da nufin ransa ya fita, ko ya haɗa masa abin ya miƙa masa ya sha da hannunsa. Babu saɓani a kan haramcinsa. Allah Ya hana kashe ran da Ya haramta sai da haƙƙi a Suratul An'am aya ta 151 da Suratul Isra'i aya ta 33, Ya hana mutum kashe kansa a Suratun Nisa'i aya ta 29, Ya yi narkon Jahannama da fushi da la'ana ga wanda ya kashe mumini da gangan a aya ta 93 ta wannan sura. Ciwo mai tsanani ba ya cikin haƙƙin da yake halatta jini.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Jundubu ɗan Abdullahi, Allah Ya ƙara masa yarda, labarin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayar na wani mutum daga al'ummomin da suka gabata. Ya ji rauni, ya kasa haƙuri, ya ɗauki wuƙa ya yanke hannunsa, jini ya yi ta zuba har ya mutu, sai Allah Ya haramta masa Aljanna saboda ya yi gaggawa da ransa. Ka lura, mutumin yana cikin ciwo na gaske, amma ciwon bai zama uzuri gare shi ba.

Yardar majinyaci ba ta canza hukunci, domin rai amana ne a hannunsa, ba mallakarsa ba ne balle ya bayar da izinin a ɗauke shi. A Mukhtasar na Shehu Khalil an bayyana cewa idan wani ya ce wa wani ya kashe shi ya yafe masa, ya kuwa kashe shi, wannan yafiyar ba ta sarayar da ƙisasi. Idan kuma magaji ne ya aikata, to a Risala ta Ibnu Abi Zaid mai kisan ganganci ba ya gadon dukiya kuma ba ya gadon diyya. A zamaninmu Majalisar Fatawa da Bincike ta Turai, a zamanta na birnin Sitokhom a 2003, ta tabbatar da haramcin, duk da cewa mambobinta suna zaune a tsakiyar ƙasashen da ake wannan muhawara.

Dokar ƙasa ita ma ba ta yarda da shi ba. Sashe na 33 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya kare haƙƙin rayuwa, kuma a dokar Final Kod ta Arewa kashe mutum da yardarsa laifi ne, taimaka wa mutum ya kashe kansa shi ma laifi ne.

Na huɗu: hana abinci da ruwa

Abinci da ruwa haƙƙin duk mai rai ne, ko yana cikin hayyacinsa ko ba ya ciki. Shehu Khalil ya lissafa hana mutum abinci tare da shaƙe wuya a cikin hanyoyin kisan ganganci. Kuma ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wata mata ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba, har ta mutu. Idan haka ne a kan kyanwa, ina ga mahaifi ko mata ko ɗa? Don haka wanda yake rayuwa da abincin bututu ba a cire masa da nufin ya mutu.

Wannan daban yake da majinyacin da ajali ya kusanto, jikinsa ya daina karɓar abinci, ana ba shi yana ƙwarewa ko yana amai. Shi ba a yi masa ɗure. Ana jiƙa masa leɓe, a ɗiga masa abin da zai iya haɗiya, a bi shawarar likita. Ciwon ne ya hana shi ci, masu jinya ba su hana shi ba.

Na biyar: dakatar da maganin da ba ya amfani

Neman magani abu ne da shari'a ta zo da shi. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Usama ɗan Sharik cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da neman magani, ya bayyana cewa Allah bai saukar da cuta ba face Ya saukar da maganinta, ban da tsufa. Amma ba kowane magani ne yake wajibi a kowane hali ba. A hadisin Ibnu Abbas, a Bukhari da Muslim, matar nan mai farfaɗiya an ba ta zaɓi tsakanin addu'ar waraka da haƙuri tare da Aljanna, ta zaɓi haƙuri. Kuma Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta ba da labarin cewa a ciwon ajalinsa sun ɗura masa magani ta gefen baki, yana yi musu nuni da kada su yi.

Saboda irin waɗannan dalilai, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta kasa hukuncin magani gida huɗu. Yana zama wajibi idan barinsa zai kai ga mutuwa ko rasa wata gaɓa, ko cutar mai yaɗuwa ce. Yana zama mustahabbi idan barinsa zai raunana jiki kawai. Yana zama halal idan bai shiga waɗannan biyun ba. Yana zama makaruhi idan ana tsoron illarsa ta fi cutar da ake son kawarwa.

Game da na'urar numfashi, wannan majalisa a zamanta na Amman a 1986 ta yanke cewa idan ƙwaƙwalwa ta daina aiki gaba ɗaya, ƙwararrun likitoci suka tabbatar ba za ta dawo ba, ya halatta a cire na'urar ko da zuciya tana bugawa da taimakonta. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, a zamanta na Makka a 1987, ta yarda da cirewar bisa shaidar ƙwararrun likitoci uku, amma ta ce ba a hukunta mutum da mutuwa sai zuciya da numfashi sun tsaya bayan an cire. Wannan na biyu ya fi kusa da tsantseni. A kansa, ba a fara lissafin takaba, ba a raba gado, sai bayan tsayawar zuciya.

Bambancin a fili yake. Mai yin allurar kisa shi ne ya kawo sababin mutuwa da hannunsa. Mai dakatar da maganin da ba ya amfani bai kawo komai ba, cutar da Allah Ya ƙaddara ce ta yi ajali. Sharaɗin shi ne hukuncin ya fito daga likitoci masana, amintattu, fiye da ɗaya. Gajiyar masu jinya ba hujja ba ce, haka nan maganar maƙwabci mai cewa wannan ba zai tashi ba.

A nan ne kuma maganar magungunan kashe raɗaɗi masu ƙarfi take shigowa, irin su mofin da ake ba mai ciwon daji. Ya halatta likita ya ba majinyaci gwargwadon abin da zai sassauta masa azaba, ko da zai sa shi barci, matuƙar nufin shi ne sauƙaƙa ciwo. Idan aka ƙara ma'auni da nufin a kashe shi, an koma kashi na farko. Barin majinyaci yana kururuwa alhali akwai abin da zai sauƙaƙa masa ba ya cikin tsoron Allah.

Na shida: wankin ƙoda da halin da muke ciki

Wannan ita ce mas'alar da ta fi shafar mutanenmu. Sananne ne cewa ciwon ƙoda ya addabi garuruwan da suke bakin kogin nan, daga Haɗeja har Nguru da Gashuwa a jihar Yobe. Wanda ƙodarsa ta daina aiki yana buƙatar wanki sau biyu ko uku a mako, kowane zama kimanin awa huɗu, kuma haka zai ci gaba sai in an yi masa dashe. Ko da an sauƙaƙa kuɗin wankin kansa, akwai kuɗin mota daga Guri ko Birniwa ko Kirikasamma, da gwaje-gwaje, da ƙarin jini, da magunguna, wani lokaci har da tafiya Dutse ko Asibitin Malam Aminu Kano. Manomin shinkafa ko masunci da abin hannunsa na shekara bai wuce na ci ba, wata biyu ya isa ya ƙarar da shi. Hukuncin yana bin halin gidan:

Idan wankin yana amfani kuma akwai hali, wajibi ne a ci gaba, domin barinsa yana kaiwa ga mutuwa. Idan majinyacin yana da dukiyarsa, gona ce ko fadama ko shanu, shi ya fi kowa cancantar a kashe masa ita. Magadan da suka ƙi a sayar, suna tsoron kada gado ya ragu, suna jira ya mutu, su ji tsoron Allah, domin dukiyar ba ta zama tasu ba tukuna. Wannan ita ce surar da ta fi kusa da abin da ake tsoro, kuma ana yin ta ba tare da allura ba.

Idan majinyacin ba shi da komai amma 'ya'yansa suna da wadata, ɗawainiyar iyaye matalauta tana kan 'ya'ya mawadata, kowa gwargwadon ƙarfinsa.

Idan gidan sun yi iya yinsu, sun sayar da abin sayarwa, sun nemi taimako, abin ya gagara, babu zunubi a kansu ko kaɗan. Allah ba Ya ɗora wa rai sai abin da zai iya, kamar yadda ya zo a ƙarshen Suratul Baƙara da aya ta 7 ta Suratuɗ Ɗalaƙ. Ba a wajabta musu cin bashin riba ba, ba a halatta musu sayar da dukiyar marayun da suke riƙo ba, ba a ce su bar ƙananan yara da yunwa ba. Wanda ya kira irin waɗannan mutane masu kisa ya zalunce su, ya ƙara musu baƙin ciki a kan baƙin ciki, kuma ya faɗi magana a kan Allah ba da ilimi ba.

Sai dai nauyin da ya sauka daga kansu bai ɓace ba, ya koma kan al'umma. Ceton ran Musulmi farali ne na kifaya a kan mawadatan gari da hukuma. Majinyaci matalauci yana cikin masu cin zakka, ya halatta a ba shi abin da zai yi jinya da shi. Wanda ya cika rumbu da kaka, ko ɗan kasuwar da shekara ta zagayo wa dukiyarsa, ya duba unguwarsa kafin ya kai zakkarsa nesa. Masallatai su ma suna iya kafa asusun jinya a hannun amintattu.

Idan likitoci suka ce wankin ya daina amfani, kamar tsohon da sauran gaɓoɓinsa suka gaza, kowane zama yana ƙara masa galabaita, ya halatta a dakatar. Idan majinyacin yana cikin hankalinsa shi ake tambaya, ba a yanke masa hukunci a bayan idonsa, ba a kuma tilasta masa. Kotun Ƙolin Nijeriya ma, a shari'ar likita Okonkwo ta 2001, ta tabbatar da cewa baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani. Amma idan maganin mai amfani ne kuma ya ƙi don yanke ƙauna, ko don kada ya wahalar da iyalinsa, a yi masa nasiha da taushi, a nuna masa ba a gaji da shi ba.

Na bakwai: abin da ya rage bayan an dakatar da magani

Dakatar da magani ba ya nufin a juya wa majinyaci baya. Haƙƙinsa na abinci da ruwa da tsafta da juya shi a kan shimfiɗa da maganin raɗaɗi yana nan. A taimaka masa da alwala ko taimama, ya yi salla yadda ya iya, a tuna masa da wasiyya da basussukan da suke kansa, a nema masa yafiyar waɗanda suka yi saɓani, a ƙarfafa masa kyautata zato ga Allah. Idan alamun ajali suka bayyana a fuskantar da shi alƙibla, a laƙƙana masa kalmar shahada a hankali ba tare da takurawa ba.

A kuma kiyaye harshe. Mutane sukan ce Allah Ya yanke masa wahala, suna nufin mutuwa, wani lokaci majinyacin yana ji. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana burin mutuwa saboda cutar da ta sami mutum, a hadisin Anas da yake Bukhari da Muslim, ya koyar da cewa in ya zama dole, mutum ya roƙi Allah Ya raya shi matuƙar rayuwa ta fi masa alheri, Ya karɓi ransa idan mutuwa ta fi masa alheri. Khabbab ɗan Aratt, Allah Ya ƙara masa yarda, an yi masa lalas sau bakwai saboda ciwo, ya ce ba don wannan hani ba da ya roƙi mutuwa. Saboda haka a riƙa cewa Allah Ya ba shi lafiya, Ya zaɓa masa mafi alheri. In da rai da rabo, kuma kowace rana da majinyaci ya ƙara yana haƙuri ana kankare masa zunubi, mai jinyarsa shi ma yana samun lada.

Ka isar wa ɗan'uwanku wannan bayani cikin hikima. Kishin da yake yi wa rai abin yabo ne, abin da ake so shi ne ya kai shi inda zai yi amfani, ya taimaka wa gidan da suka gaza da abin hannunsa ko da ƙafarsa. Duk wanda irin wannan mas'ala ta taso masa a gida, ya haɗa likitan da yake duba majinyacin da malamin da ya amince da shi, a faɗa wa kowannensu gaskiyar halin da ake ciki kafin a yanke shawara.

Muna roƙon Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba masu jinya haƙuri da lada, Ya sa mu cika da imani.

Allah ne Mafi sani.